Badamasi, Mai Wanke Masara da Kanwa

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa kada wani ya ce ƙiyayya ce. Ni na goyi Badamasi. Na san ranar da ya fara tafiya, na san ranar da ya fara gardama, kuma gardamar ce ta riga tafiyar. Yanzu ya ba hamsin baya. Yana da rumfar hatsi a kasuwar Tsamiya, dab da iyakar Benin, yana da gida a Bagudo, da matarsa Asama'u, da 'ya ɗaya tak da Allah ya raya musu cikin biyar da suka haifa. Sunanta Hamdiyya. Saboda ita nake ba da labarin nan, don a jikinta ilimin ubanta ya ƙare.

Babanmu manomin shinkafa ne a fadamar bakin kogin Kwara, mutum mai kawaici wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba. Ban san inda Badamasi ya gado baki ba. An sa shi firamare, ya fito a aji huɗu, wai malamin ya ƙare abin da ya sani, maimaici kawai yake yi. Daga nan ya ce shi mai gyaran rediyo ne. Rediyon Baba ya fara buɗewa, da ya rufe sai ga ƙusoshi uku sun yi saura a tabarma. Ya ce kamfani ne ya sa su don ƙawa. Rediyon bai sake magana ba har Baba ya rasu. Ya yi kabu-kabu tsakanin Bagudo da Lolo. Ya yi dillancin dabbobi a Kamba, inda aka ce an gan shi yana koya wa wani dattijon Bafillace yadda ake gane shekarun saniya. Dattijon ya saurare shi har ya gama, sannan ya gaya masa cewa abin da yake riƙe da bakinsa sa ne. A ƙarshe dai ya zauna a hatsi, kuma hatsi ya karɓe shi, ina jin don shi hatsi ba ya mayar da magana.

'Yan kasuwar Tsamiya suka laƙaba masa Furofesa. Kowa ya san tsiya ce, ban da mai sunan. Shi har waiwayowa yake yi da sauri in an kira, yana gyara zaman hula.

Zan yi masa adalci, ba mugu ba ne. Da mugu ne ma da na fi samun sauƙinsa, don mugu ana iya tsorata shi. Badamasi bai taɓa ɗaga wa Asama'u hannu ba, kuma son da yake yi wa Hamdiyya duk unguwa an shaida. Tun tana ƙarama a tankin babur yake ɗora ta ya zaga gari. Da za a aurar da ita ga Bunyaminu, wani manomi ɗan Kende, kwana biyu Badamasi bai ci abincin kirki ba. Ciwonsa ɗaya ne: bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da uwarmu ta yaye shi, kuma in ya tsinci rabin magana a hanya, sai ya ƙarasa ta da kansa.

Shekarar da ta gabaci ambaliya, wata ƙungiya ta kira masu sayar da hatsi bita ta kwana biyu a Birnin Kebbi. Daga Tsamiya aka ɗauki mutum biyu, Badamasi da maƙwabcin rumfarsa, Abbas. Abin da aka faɗa a can daga bakin Abbas na ji shi, don shi ya zauna daga farko har ƙarshe. Ya ce wata malamar jami'a ce ta yi musu bayani kan fumfunar da ke kama masara da gyaɗa in an adana su da danshi. Ta ce ba fumfunar da ido ke gani ce abin tsoro ba, gubar da take zubawa cikin ƙwayar hatsi ce. Ba ta da ɗanɗano, kuma dafuwa ba ta kashe ta. In ta shiga jiki hanta take nufa, ta kai har can cikin ƙwayoyin halitta inda tsarin jikin mutum yake ajiye, ta ɓata shi. Mai yawa takan kayar da mutum nan take. 'Yar kaɗan kuwa tana iya yin shiru shekaru kafin ta fito da ciwon daji. Ta ce a shanya hatsi har sai ya yi ƙas a haƙori, kada a jibge buhu a kan daɓe, wanda ya riga ya yi fumfuna kuma a ƙone ko a binne.

Duk wannan Badamasi bai ji ba. Abbas ya ce yana waje wurin mai shayi, yana yi wa direbobin ƙungiyar bayanin abin da ke damun injin motarsu. Sai wajen la'asar ya shigo, daidai lokacin da wani ya tambayi malamar ko akwai abin da ke rage ɓarnar gubar. Ta ce an gwada a jikin ɓeraye, an ga waɗanda ke samun wasu ma'adanai a abincinsu, irin waɗanda ake samu a kifi da nama da wake, ɓarnar da ke cikin ƙwayoyin halittarsu ta ɗan ragu. Ta ambaci zinki da wani mai wuyar suna. Ta ce ragin kaɗan ne, bincike ne da ba a gama ba, kuma ba ya mayar da ruɓaɓɓen hatsi abinci. Abbas ya rantse ta maimaita wannan har sau biyu. Amma a lokacin Badamasi ya riga ya miƙe yana neman inda ake raba jaka da takardar shaida.

Ya dawo Bagudo da hula mai tambari, da takardar da ya kai aka manne da leda, da rabin jimla. Sauran ya ƙarasa a kan babur. Ma'adini dai abin da ake haƙowa daga ƙasa ne. Kanwa daga ƙasa ake haƙo ta. Fulani na ba shanu kanwa, ga shanunsu sumul. Mata na jefa ta a wake don kada ya kumbura ciki. To, me ya rage? Kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Abin da malaman jami'a ke ta wahalar da ɓeraye a kai, shi ya gama shi tsakanin Birnin Kebbi da gadar Tuga. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma na Badamasi a wuyan wasu ya ɗaura shi.

Da damina ta zagayo, ruwa ya ƙi ɗaukewa. Kwara ta cika ta haye gonaki, mutanen ƙauyukan bakin ruwa suka kwaso 'yan komatsansu suka tare a makarantun firamare. A tsallaken iyaka, wajen Segbana, manoma suka karye masara cikin ruwa suna neman wanda zai raba su da ita kafin ta lalace a hannunsu. Masu hankali suka ja baya. Badamasi ya ga banza ta faɗi. Ya kwaso ta jiƙe, ya ɗura a buhunan leda, ya jibge a kan siminti cikin shago mai rufin kwano, ya rufe ƙofa. Abbas ya ce masa ya bari ta sha rana tukuna, Badamasi ya ce rana ta waɗanda ba su je bita ba ce. Mutumin da suka je tare fa yake faɗa wa haka.

Bayan mako uku, in ka sa hannu cikin buhu sai ka ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Masarar ta yi kore-kore, wata ta yi baƙi, ta cure, warinta har rumfar masu tattasai. Da wani ne, da hankalinsa ya tashi. Badamasi kuwa murna ya yi, ga ranar da zai nuna ilimi ta zo. Ya aika Kamba aka kawo masa jar kanwa, ya jiƙa a manyan robobi, ya zuba masarar ya cuɗa, ya tsame ya baza a tamfol a tsakiyar kasuwa inda kowa zai gani. In faɗi gaskiya, ta yi kyau. Ta fito rawaya shar, warin ya kwanta, in ba ka ga yadda take jiya ba sai ka ce yau aka ɓare ta. Ya tsaya a kanta yana wa'azi, takardar bita a hannu, yana ɗaukar ɗan gutsuren kanwa yana lasa don a ga shaida.

Sai dai manyan masu saye da ke zuwa da tirela daga kudu ba wa'azi suke saye ba. Na farko ya ɗebi ƙwaya, ya fasa da haƙori, ya duba cikinta, ya tofar, ya wuce rumfar gaba ko sallama bai yi ba. Na biyu ma haka. Matan da ke sayen mudu-mudu don koko sun ga lokacin da ake wankin, su ma suka kauce. Mai kyau da yake da ita tun farko duk ta tafi, wankakkiyar ta zauna. Mu kuwa a nan an san inda hatsin da kasuwa ta ƙi yake zuwa. Mai kyau na baƙo ne, tsintuwar ta gida. Haka muka taso muka tarar, kuma ban taɓa jin wanda ya ce abin kunya ne ba. Badamasi ya ɗauko amalanke ya kwaso buhunan zuwa Bagudo, ya jera a zaure.

A watan ne aka kawo Hamdiyya gida goyon ciki, cikin fari, wata bakwai. Ni ce gwaggonta, kuma duk 'ya'yan danginmu ni nake yi wa wankan jego tun mijina na da rai, don haka na ɗaure kayana na tare a gidan. Ranar da na fara buɗe garin da aka niƙo, na kai hanci, na ji wani abu can ƙasa, kamar warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ɗauki ƙwaryar na same shi a zaure.

Na ce, "Badamasi, garin ga ba na ba mai ciki ba na. Kai ma ka sani."

Ya ce, "Yaya Lami, ke aikinki wanka, ni aikina hatsi. Masarag ga an yi mata magani. Ba ni niƙ ƙago ba, ga ɓeraye anka gwada, likitoci sunka tabbatar."

"To ɗiyarka ɓera ta?"

"Kin gani? Shi ya sa ba a kiran mata bita." Ya zaro takardar daga aljihu ya miƙo mini, alhali ya san ban iya boko ba. "Karanta nan. Ma'adini shina kashe dahin. Mi a kanwa in ba ma'adini ba? Ni da nika son Hamdiyya hiye da raina, ni za ni ba ta abin da ka cuta tai?"

Wannan ta ƙarshen ce ta ɗaure ni, don na san gaskiya ce. Na dubi Asama'u, ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa. Shekara talatin tana zaune da shi, ta daɗe da gane cewa gardama da Badamasi ɗiban ruwa ne da kwando. Na koma madafa ina ƙunƙuni. Na tuƙa tuwon, na ɗanɗana, ban ji komai ba. Na ce wa raina wataƙila tsufa ne ya fara taɓa mini hanci.

Wata biyu Hamdiyya tana cin tuwon masarar nan. Shi gogan ko loma bai cika kaiwa ba. Da sassafe yake fita, a Tsamiya yake cin shinkafa da kifi wurin masu abinci, ya dawo ya ce ya ƙoshi. Ba da gangan yake yi ba, haka ya saba tun da can. Amma har yau in na tuna cewa mai ilimin ne kaɗai bai ci iliminsa ba, sai haushi ya kama ni.

Ta haihu lafiya, mace, 'yar ƙarama ƙwarai. Aka sa mata Mariyamu. Muka shiga wanka, ruwan zafi safe da yamma da ganyen darbejiya, sai kuma kunun kanwa, wanda kowa ya san shi ne abincin mai jego har ta yi arba'in. Da gero ake yin sa, ko yaro ya sani. Amma geron shekarar ruwa ya ci, ya yi wuya, Badamasi kuma ya ce ga masara jibge a zaure, wane dalili. Har ya ƙara da cewa ai nan ne ma maganin zai fi aiki, kanwa a wanki, kanwa a kunu. Na sake yin magana, ya sake zaro takarda. Na dama. Kunun kanwa kuwa, in ka zuba citta da kanumfari da barkono, ko ƙasa ka dama a ciki ba mai ganewa. Duk abin da hancina ya ji a gari, a kunu ya ɓace.

Nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi bayan na ƙanena ba. Hamdiyya ba ta son kunun. Tun kwana na goma take ture ƙwarya tana cewa zuciyarta na tashi. Ni kuwa na yi abin da gwaggo ke yi. Na zauna a gabanta na haɗe rai.

"Shanye shi duka. Mai jego ba ta barin kunu. Mi za ki ba ɗiyag ga in nono bai kawo ba?"

"Gwaggo, wallahi ciki nai min ciwo."

"Kowa haka tay yi. Uwarki ma ni nib ba ta, ga ta nan ba ta mutu ba."

Sau uku a rana, ƙwarya cike. Tana sha tana hawaye, ina tsaye a kanta ina jin ni mai riƙon al'ada ce.

Kwana ashirin da 'yan kai, wata safiya na fito da ita wanka, hasken rana ya faɗa a fuskarta, na ga farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. Ƙafafunta sun kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Ta yi amai sau biyu kafin hantsi. Jaririyar ma ta daina kama nono sosai, kukanta ya zama siriri. Na aika aka tsayar da Badamasi kafin ya hau babur. Ya shigo, ya ɗaga fatar idonta da babban yatsa kamar wani likita, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Shawara ta. Dattin ciki na ka hita. Ku ƙara mata kanwa."

Allah ya sa ranar Bunyaminu ya zo daga Kende duba iyalinsa. Yaro ne mai kunya, bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba. Ya leƙa ɗaki ya ga matarsa, ya fito ya tafi tasha ya ɗauko mota. Badamasi na tsaye a zaure yana cewa ba a fitar da mai jego kafin arba'in, Bunyaminu ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi haƙuri," ya wuce shi ya ɗauko ta a hannu. A asibitin garinmu ma'aikaciyar da ta duba ta ba ta ɓata lokaci ba, ta rubuta takarda ta ce mu wuce Birnin Kebbi yau ɗin nan.

Likitan can ya tambaye ni abin da take ci. Na faɗa masa, har da wankin. Ya ajiye biro ya dube ni, ya sa aka kira uban. Badamasi ya shigo da hularsa mai tambari, kuma wallahi sai da ya kai hannu aljihu zai zaro takardar. Likitan ya bar shi ya gama bayanin ɓerayensa. Sannan ya ce masa kanwa ba ta cikin ma'adanan da ake magana a kai, kuma ko su ɗin ba a ce a ci guba a bi da su ba. Ya ce kanwa tana iya gyara wa masara launi ta kashe wari, tana ma iya lafar da wani abu na gubar a cikin tukunya, amma ba mai ce maka ta tafi, wata in ta gamu da tsamin ciki takan dawo. Ya ce yawan kanwar kanta nauyi ce ga zuciyar mai jego. Ya ce gubar tana bi ta nono ta kai ga jariri. Abin da ya fi tayar masa da hankali kuma, gwaji ya nuna Hamdiyya na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, wataƙila tun tana ƙarama ba a sani ba, kuma wannan ƙwayar da wannan gubar in suka haɗu a hanta ɗaya, haɗarin ciwon daji nan gaba yana ninkuwa.

Na dubi Badamasi, na ce a raina alhamdu lillahi, yau dai ta shiga. Sai ya gyara murya.

"To likita, wane ma'adini na za a ba ta shi wanke wanda yar riga yash shiga?"

Likitan ya ce, "Babu. Za mu yi ƙoƙari ta tashi. Abin da ya riga ya taɓu a ciki kuma, ba mu da sabulunsa."

Kwana na shida na dawo Bagudo ɗaukar mata kayan sawa. Da hantsi na iso, na tarar da amalanke a ƙofar gida, an ɗora buhunan masarar nan har sun yi tsini, Abbas na gefe yana ta ba shi baki. Na tambayi inda za a kai. Badamasi ya ce makarantar firamare, wurin mutanen da ruwa ya kora. Idonsa ya yi ja, ya rame, ya ce ya kwana biyu yana tunani, ya ga ba abin da ya fi sadaka, sadaka maganin masifa, zai raba duka don Allah ya tashi kafaɗar Hamdiyya.

Ban san lokacin da na haye amalanken na zauna a kan buhunan ba, da tsufana da ciwon gwiwata.

Na ce, "Ka ɗora ɗiyarka bisa gadon asibiti, yanzu kuma ɗiyan mutane kaka nema? Mata masu goyo na cike da makarantag ga. Wagga sadaka wa za ka kai ma ita, Allah ko Mala'ikan mutuwa?"

Ya ce, "Su ai lahiyarsu lau, ba su da ciwon hanta. Kuma zub da abinci almubazzaranci na."

"Wa yag gwada ma su? Kai?"

Mutane suka fara taruwa. Na ɗaga murya da gangan, na faɗi duk abin da likita ya ce, ban rage ko ɗaya ba. Na ga kunya ta kama shi, abin da ban taɓa gani ba tun yana ɗan aji huɗu. Abbas ya kira matasan unguwa, aka tura amalanken bayan gari, aka haƙa rami aka juye, aka zuba kalanzir aka cinna wuta, aka mayar da ƙasa. Badamasi na tsaye daga nesa. Ko a nan sai da na ji yana gaya wa wani cewa ramin bai kai zurfin da ake so ba.

Mako biyar Hamdiyya ta yi a asibiti. Ta tashi, amma ba ta koma yadda take ba. Nono ya ɗauke, da madarar gwangwani aka raini Mariyamu, wadda har yau in ka gan ta sai ka rage mata watanni. Likita ya ce duk wata shida Hamdiyya ta koma a ɗebi jini a haska hanta, kuma haka za ta yi ta yi iya rayuwarta. Bunyaminu ya tambaye shi ko za a kai lokacin da za a ce ta tsira. Ya ce ba zai yi masa alkawarin abin da bai sani ba. Shekarun Hamdiyya ashirin da ɗaya. Duk ranar da za su tafi gwajin, tun jajibiri ba ta iya cin abinci.

Daga asibiti Kende aka wuce da ita, ba a ƙarasa arba'in a gidan uba ba. Na bi ta, na zauna ina taya ta raino. Ba ta taɓa ce mini komai game da kunun ba, ko da wasa. Sai dai duk lokacin da na ɗauki ludayi zan dama wani abu, sai ta taso a hankali ta karɓa ta ce in huta. Na gane, kuma ban ga laifinta ba.

Da kaka ta sake zagayowa, wata ranar Laraba da hantsi muka ji tsayuwar babur. Badamasi ne, da buhun gero ɗaure a baya. Shi ya noma shi a gonar Baba, abin da bai yi ba shekara ashirin, shi ya yanka, shi ya shanya, shi ya tsaya aka sussuka. Na kwance bakin buhun na duba da kaina, na shinshina, na tona har ƙasa. Gero ne mai kyau, ban ga wanda ya fi shi ba a shekarar nan.

Hamdiyya ta fito ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta ɗauko Mariyamu ta ɗora masa a cinya. Ya riƙe yarinyar yana kallon 'yan siraran hannuwanta. Can ya nuna buhun, ya fara bayanin kwana nawa geron ya yi a rana. Ta bar shi ya kai aya, kanta a sunkuye.

Ta ce, "Baba, na gode, Allah shi saka da alheri. Ni na yahe ma tun ina asibiti, duniya da lahira." Ta murza bakin zanenta. "Amma don Allah ka koma da shi. Kada ka ƙara kawo muna hatsi."

Na jira in ji abin da zai ce. Ya miƙa mata yarinyar, ya sha ruwan, ya tashi ya sa takalmi. Bunyaminu ne ya taya shi ɗaga buhun zuwa bayan babur, shi ne kuma ya ƙulla masa igiyar.